Tagar Duniya: Ɓarawon keke da Indiyan da ba a nuna mana ba

A watan jiya wani mai karatu ya yi min ƙorafi, wai na cika kwaso finafinan da ko kakansa bai taɓa jin sunansu ba, in dawo Indiya mana inda kowa ya sani. To malam, yau na dawo Indiya. Sai dai ka yi haƙuri, sai mun bi ta Italiya tukuna, kuma Indiyan da za mu je ba wadda kake nufi ba ce.

Fim ɗin Italiyan sunansa Bicycle Thieves, wato Ɓarayin Keke, wanda darakta Vittorio De Sica ya yi a 1948, shekara uku kacal bayan gama Yaƙin Duniya na Biyu. Ranar da wani abokina ya tura min shi a waya, da na ga baƙi-da-fari ne, ga yaren Italiya, sai fassarar Turanci a ƙasa, na ce wannan maganin barci ne. Ashe ni ne ba zan yi barcin ba.

Labarin bai taka kara ya karya ba. Wani magidanci ne a birnin Rum, Antonio, ya daɗe ba aikin yi. Sai ya samu aikin manna fasta a bango, amma da sharaɗin sai yana da keke. Keken nasa kuwa yana wajen jingina. Matarsa Maria ta yaye zannuwan gadonsu ta kai jingina, aka karɓo keken. Ranar farko da ya fita aiki, yana kan tsani yana manna fastar jarumar Amurka Rita Hayworth, wani saurayi ya haye keken ya arce. Shi kenan. Sauran fim ɗin duk yawon neman keke ne, shi da ƙaramin ɗansa Bruno, daga ofishin 'yan sanda zuwa kasuwar 'yan gwanjo, zuwa coci, har gidan wata mai duba da ya taɓa yi wa matarsa dariya don ta je wurinta.

Ba bos, ba faɗa, ba soyayyar lambu. Amma akwai wurin da takaici ya sa Antonio ya mari Bruno, yaron ya koma gefen titi yana tafiya shi kaɗai, ya ƙi matsowa kusa da uban. Duk wanda babansa ya taɓa dawowa gida ba ko sisi ya huce a kansa, zai gane wannan tafiyar. Ƙarshen fim ɗin kuwa (wanda bai son a ɓata masa kallo ya tsallake nan), Antonio da kansa ya saci keken wani a kusa da filin ƙwallo, aka bi shi aka kama, ana dukansa a gaban ɗansa. Mai keken ya dubi yaron yana kuka, ya ce a sake shi. Suna tafiya cikin taron mutane, Bruno ya kama hannun babansa. Wallahi na jima riƙe da wayar bayan hoton ya ɗauke.

Abin da ya fi ɗaure min kai, wanda ya fito a Antonio ɗin ba ɗan wasa ba ne. Sunansa Lamberto Maggiorani, lebura ne a masana'anta. Yaron ma, Enzo Staiola, a titi De Sica ya gan shi. An ce wani babban furodusan Amurka, David O. Selznick, ya yi tayin zuba kuɗi in za a sa jarumi Cary Grant, De Sica ya ƙi. Ka ji fa. Kamar a ce maka ga kuɗi amma sai ka sa jarumin da fuskarsa ke sayar da fim, kai kuma ka ce a'a, ɗan dakon nan na bakin kasuwa nake so. Fim ɗin ya samu lambar girmamawa ta Oska a 1950, kuma a 1952 da mujallar Sight and Sound ta Ingila ta tambayi masu sharhi, shi suka zaɓa a matsayin fim ɗin da ya fi kowanne.

To ina Indiya ta shigo? A 1950 wani kamfanin talla da ke Kalkata ya tura ma'aikacinsa mai zane zuwa Landan na 'yan watanni. Sunansa Satyajit Ray. A zaman nan ya kalli fim kusan ɗari, ciki har da Ɓarayin Keke. Ya fito daga sinimar da niyya ɗaya: zai yi fim ɗin wani littafin yaren Bengali mai suna Pather Panchali, na marubuci Bibhutibhushan Bandyopadhyay, kuma zai yi shi kamar yadda De Sica ya yi, a ƙauye na gaske, da fuskokin da ba a sani ba.

Ku saurari yadda aka yi aikin nan, musamman ku masu cewa rashin kuɗi ne ya hana ku. Ray bai taɓa ba da umarni ba. Mai ɗaukar hotonsa, Subrata Mitra, ɗan shekara 21 ne lokacin da aka ba shi aikin, hoton kati kawai ya iya, bai taɓa riƙe kyamarar fim ba. Furodusoshi suka ƙi ba da kuɗi saboda ba taurari, ba waƙoƙi. Suka fara ɗauka a 1952, ranakun hutu kawai, don Ray bai bar aikin ofis ba. Kuɗi ya ƙare, ya sayar da faya-fayansa na kiɗa, matarsa Bijoya ta jinginar da gwala-gwalanta. (Kun lura? A fim ɗin Italiya mata ce ta kai zanen gado jingina, a nan kuma matar darakta ce ta kai sarƙa. Allah Ya saka wa mata.) Aiki ya tsaya wata da watanni, sai daga baya gwamnatin jihar Bengal ta Yamma ta ba da bashi aka ƙarasa. Abin dariya, a takardun gwamnati an rubuta kuɗin ne a ƙarƙashin gyaran hanya, tunda sunan fim ɗin yana nufin waƙar hanya. Sai a 1955 ya fito.

Labarin wani gida ne na talakawa a ƙauye. Uban, Harihar, malamin addininsu ne mai burin zama marubuci, kullum yana tafiya neman kuɗi. Uwar, Sarbajaya, ita ke fama da tukunya. Ga yara biyu, Durga da ƙanenta Apu, ga wata tsohuwa tukuf, Indir, wadda uwar ke ganin ta zame musu nauyi. Durga tana satar 'ya'yan itace a lambun maƙwabta ta kawo wa tsohuwar. Chunibala Devi da ta fito a tsohuwar ta kai shekara 80 a lokacin, kuma ban taɓa ganin wanda ya ci abinci a fim kamar yadda take cin shinkafarta ba, har da suɗe yatsu. Mu nan in za a yi tsohuwa sai a ɗauko yarinya a barbaɗa mata hoda a gira.

Akwai sin ɗin da ya fi shahara, inda Durga da Apu suka bi ta cikin wata gona mai fararen furanni dogaye, suna jin ƙugin wayar tangaraho, can sai ga jirgin ƙasa ya keto da baƙin hayaƙi, karon farko da suka gan shi. Sun ɗauki rabin sin ɗin, da suka dawo bayan mako sai suka tarar shanu sun cinye furannin. Ray bai ce a lallaɓa a haka ba. Ya jira har furen ya sake fitowa.

Amma ni wurin da ya kashe min jiki shi ne bayan rasuwar Durga, wadda zazzaɓi ya kama bayan ta yi wasa a ruwan sama. Uban ya dawo daga doguwar tafiya bai sani ba, yana ta fito da tsaraba, ya miƙo sarin da ya sayo wa Durga. Uwar ta riƙe zanen ta fashe da kuka. Nan Ray ya ɗauke muryarta gaba ɗaya, ba ka jin kukan, sai wani kiɗa mai tsini kamar na goge ya maye gurbinsa. Ravi Shankar ne ya tsara kiɗan fim ɗin. Da a wajenmu ne, na rantse sai an yi minti biyar ana birgima, sannan a biyo da waƙar maraici. Waƙa a fim ɗin nan, in ka cire wadda tsohuwar ke rerawa ita kaɗai da almuru a bakin ƙofa, babu wata ta a-zo-a-gani. Rawar saurayi da budurwa kuwa ko ɗaya.

A bikin finafinai na Kan da ke Faransa, a 1956, an ba shi kyauta ta musamman. Ray ya ci gaba da labarin Apu a Aparajito na 1956 da Apur Sansar na 1959, kuma an ba shi Oska ta girmamawa a 1992 yana kwance a asibiti, makonni kaɗan kafin ya mutu.

Kada ku ɗauka kowa ya yaba masa a gida. Nargis, jarumar Mother India ta 1957, fim ɗin da iyayenmu suka yi ta kallo a su Plaza da Eldorado a Kano, ta soke shi a 1980 lokacin tana 'yar majalisa, cewa yana tallata talaucin Indiya ne ga Turawa. Maganar ba shirme ba ce gaba ɗaya, domin akwai masu ba da kyauta a Turai da ba sa ganin fim ɗin Afirka ko Asiya sai in da tsumma a ciki. Sai dai ban yarda ta dace da wannan fim ɗin ba. Mai tallar talauci so yake ka ji tausayi daga nesa. Ni kuwa ban ji tausayin Durga daga nesa ba, yayata na gani, wadda ta sha duka saboda mangwaron maƙwabta da ni na ci rabinsa.

Abin da ke damuna shi ne, shekara da shekaru ana cewa mun kwaikwayi Indiya, masu zagi na zagi, masu karewa na karewa, alhali galibi Indiya ɗaya aka riƙa kawo mana, ta Bombai. 'Yan kasuwar da suka riƙa shigo da finafinai sinimominmu abin da zai cika kujeru suka ɗauko, ba laifinsu ba ne. Masu fassara zuwa Hausa na yanzu ma haka, daga mai faɗa sai mai rawa. Da mun ɗauka duk Ba'indiye in ya ga budurwa sai ya zagaya bishiya, ashe a ƙasar akwai wanda ya jira fure ya sake fitowa.

Ba cewa nake a daina waƙa ba, kar mawaƙa su tare ni a hanya. Bimal Roy ma ya kalli Ɓarayin Keken nan a bikin finafinai na Indiya a 1952, ya je ya yi Do Bigha Zamin a 1953, labarin manomin da ya koma jan keken ɗaukar mutane a Kalkata don ya ceci gonarsa, kuma da waƙoƙinsa a ciki. Ya samu karɓuwa. Waƙar ba ta cinye labarin ba, shi ne bambancin.

Na kai wa wani furodusa wannan zancen a lokeshin kwanan baya. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Ɗan'uwa, shi Ray ɗin naka gwamnati ce ta ƙarasa masa. Ni wa zai ƙarasa min?" Gaskiya ya ɗaure ni, don ba ni da amsa. Na dai ce masa fim ɗin ɗan acaɓan da aka sace wa babur ranar da ya karɓo shi bashi ba ya buƙatar gidan sama ko jerin motocin aro, waya mai kyamara da yaro ɗaya mai ido sun isa a fara. Ya yi dariya ya ce in rubuto. Na ce to. Yau sati uku kenan ina kan shafi na huɗu.

Wanda zai nemi finafinan nan, ya fara da na keken, bai kai awa ɗaya da rabi ba da wani abin kirki. Pather Panchali ya haura awa biyu kuma yana tafiya a hankali, kar a kalle shi ana latsa wata wayar. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.