Wa Zai Riƙe Tarihin Majami'unmu Na Yammacin Zamfara?

Ƙananan ikilisiyoyinmu na Talata Mafara, Bakura da Maradun suna da tarihi, amma yawancinsa yana cikin kawunan dattawa ne, ba a takarda ba. Wannan abin damuwa ne ƙwarai.

A wajen Katolika, tushen aikin yana Gusau. A 1953 Roma ta keɓe yankin Sakkwato, ta danƙa shi ga Fadoci 'yan Dominikan daga Amurka. A 1964 ya zama dayosis, Edward Lawton ne Bishop na farko. Michael Dempsey ya gaje shi a 1967, sai Kevin Aje, sannan Matthew Hassan Kukah a 2011. Majami'ar Our Lady of Fatima ta Gusau ita ce uwa. Sunayen manyan nan a rubuce suke. To, ina sunan katikis ɗin da ya riƙe sujada ranar Lahadin da Fada bai zo ba? Ina na matan zumunta da suka ɗebo ruwan kwaɓa ƙasar gini?

Aikin madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka gama a 1978, ya jawo ma'aikata daga sassan ƙasar nan, har da Kirista masu yawa. Sun ga kafa Jihar Zamfara a 1996, sun ga ƙaddamar da Shari'a a 1999, suka ci gaba da cin kasuwa ɗaya da maƙwabtansu Musulmi. Wannan zaman ma gado ne.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne 'yan bindiga. A 2021 kaɗai an sace ɗalibai a Jangebe, da Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, da Kaya ta Maradun. Musulmi da Kirista duk sun ɗanɗana. Iyalai suna ƙaura, kuma duk dattijon da ya tashi, da tarihinmu yake tafiya.

Saboda haka kowace ikilisiya ta kwafi littafin baftisma da na aure, ta aika da kwafi hedkwata. A adana takardar fili, domin ranar gardama ita ce shaida. Matasa su zauna da tsofaffi su ɗauki muryarsu a waya. Joshuwa ya kafa duwatsu 12 a Gilgal domin 'ya'ya su yi tambaya a ba su amsa. Namu 'ya'yan ma za su tambaya.

Ubangiji ya ba mu zaman lafiya, amin.