RA'AYINMU: Ina Aka Kwana da Maganar 'Ya'yanmu Mata?

 A wannan fitowa mun ga ya zama wajibi mu taɓo maganar da yawancinmu ba mu so a yi ta a bainar jama'a, wato cinikin 'yan mata domin lalata, da yadda maganar kan mutu murus da zarar an ji sunan babban mutum a cikinta. Mun san akwai masu cewa wannan ba hurumin takardar ikkilisiya ba ne, mu tsaya ga wa'azi da labarin taron zumunta. Su yi mana haƙuri. Yaran da ake ɗauka daga Warra, Libata, Yelwa da ƙauyukan Shanga da sunan aikin gida ko karatu a birni, da yawansu a Makarantar Lahadinmu suka fara koyon karatu.

Doka kam ba mu rasa ba. A 2003 aka kafa hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane, bayan fafutukar da ƙungiyar WOTCLEF ta Hajiya Titi Atiku Abubakar ta yi, kuma a shekarar ce aka yi Dokar Haƙƙin Yara. A 2015 aka sabunta dokar fataucin mutane aka ƙara mata ƙarfi. A ƙarƙashinta, wanda ya jefa yarinyar da ba ta kai shekara 18 ba cikin sana'ar lalata ba zai sha ɗaurin da ya gaza shekara bakwai ba, ga tarar naira miliyan ɗaya, kuma an toshe ƙofar nan ta a biya tara a tafi gida. Ko ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida laifi ne a dokar. Jiharmu ta Kebbi ma ta sa hannu a kan tata dokar kare yara a 2022.

Dokar tana kuma aiki idan ta ga dama. A 2019 'yan sanda suka gano yara tara da aka sato daga Kano aka sayar a Onitsha, aka canja masu suna da addini. A 2021 babbar kotun Kano ta ɗaure jagoran masu satar, Paul Owne, shekara 104. Da sunan Kirista yake amsawa, ba mu ɓoye ba, kuma mun ce hukuncin ya yi daidai. Abin da ke damunmu shi ne, komar nan ƙananan kifaye kaɗai take riƙewa. Kowane masunci a bakin tafkin Kainji ya san abin da giwan ruwa ke yi wa tsohuwar koma.

Mu tuna 2010. A shekarar nan aka zargi Sanata Ahmed Sani Yariman Bakura, tsohon gwamnan Zamfara, da auro yarinya daga ƙasar Masar wadda aka ce shekarunta 13, a kan sadakin da jaridu suka ce ya kai dala 100,000, alhali dokar Masar ba ta yarda da auren wadda ba ta kai 18 ba. Ƙungiyoyin mata, Musulmi da Kirista a cikinsu, suka kai kuka Majalisar Dattawa. NAPTIP ta gayyace shi ta yi masa tambayoyi. Shi kuma ya tsaya a kan cewa bai saɓa wa addininsa ba. Ba mu kawo wannan domin mu taɓa addinin maƙwabtanmu ba, ba kuma mu ne alƙalai ba. Maganarmu ɗaya ce: kotu ce ya kamata ta tantance shekarun yarinyar da yadda aka shigo da ita ƙasar nan, ta wanke shi ko ta same shi da laifi. Ba a taɓa gurfanar da shi a kan batun ba. Ya ci gaba da zamansa a majalisa har 2019.

Abin da ya fi wannan ciwo shi ne na sansanonin 'yan gudun hijira. A watan Oktoba na 2016 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da bayanin mata da 'yan mata 43 a sansanoni bakwai na Maiduguri, waɗanda suka tsere wa Boko Haram suka faɗa hannun masu tsaron su. Shugabannin sansani, 'yan banga, 'yan sanda da sojoji ne aka ambata. Wasu fyaɗe aka yi masu, mafi yawa kuwa da abinci da alkawarin aure aka yaudare su, da ciki ya fito aka watsar da su. Shugaba Buhari ya ba da umurnin bincike. A watan Disamba Sufeto Janar Ibrahim Idris ya ce an kama mutum goma. Daga nan shiru, kamar an shuka dusa. Shekara bayan shekara rahoton gwamnatin Amurka a kan fataucin mutane yana maimaita cewa ba a ga hukunta jami'an da ake zargi a sansanonin ba. A 2018 Amnesty International ta fito da irin wannan zargi, rundunar soja ta ƙaryata.

Ku lura da yadda abin ke tafiya, domin salon rufa-rufar ke nan a ƙasarmu. Ba safai ake fitowa a ce ƙarya ne ba. Babban mutum zai nuna ɓacin rai a rediyo, a kafa kwamiti, a ba shi mako biyu ko wata guda. Kafin wa'adin ya cika wata sabuwar masifa ta taso, jaridu sun koma can. Jami'in da ke riƙe da fayil a yi masa canjin wurin aiki. Iyayen yarinya su yi ta zirga-zirga har kuɗin mota ya ƙare. Babu wanda ya ce a rufe maganar, ita ce ta rufe kanta.

Mu a nan ba sai an ba mu labarin wannan shiru ba. Ranar 17 ga Yuni, 2021, 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, a cikin ƙaramar hukumarmu ta Ngaski, suka kwashi ɗalibai da malamai. Aka yi ta sako su kashi-kashi, aka riƙe 'yan mata 11. Iyayensu da kansu suka kafa kwamiti suka fito suna roƙon jama'a a tara masu naira miliyan 100 na fansa. Sai a 2023 na ƙarshensu suka dawo, bayan kusan shekara biyu, wasu da goyo a baya. An sa wa 'ya'yan mutane farashi, an aurar da su dole a daji, wannan ai shi ne cinikin mutane tsirara. Dogo Giɗe da aka ɗora wa alhakin bai tsaya gaban alƙali ba. Makarantar ta gwamnatin tarayya ce. Ina cikakken bayanin da gwamnati ta yi wa iyaye a kan yadda aka shiga, da dalilin da ya sa aka bar su da neman kuɗin su kaɗai?

Wani zai ce halin Nijeriya ne. To, ko a Amurka an yi. Attajirin nan Jeffrey Epstein, abokin shugabanni da 'ya'yan sarauta, tun 2005 'yan sandan Florida suka fara bincikensa a kan lalata da ƙananan yara. A 2008 masu gabatar da ƙara suka yi sulhu da shi ba da sanin yaran ba, ya yi wata 13 kacal a tsare, har ana barinsa ya fita ofis da rana. Abin da ya tono maganar bayan shekara goma shi ne matan da kansu, waɗanda suka ƙi yin shiru, da wata 'yar jarida ta Miami Herald da ta bi su ɗaya bayan ɗaya a 2018. Aka sake kama shi a 2019, ministan ƙwadago Alexander Acosta, wanda shi ya ƙulla sulhun farko, ya sauka daga muƙaminsa. Epstein ya mutu a kurkuku kafin shari'a, abokiyar aikinsa Ghislaine Maxwell ta sha ɗaurin shekara 20 a 2022, a watan Nuwamba na 2025 kuma majalisar ƙasar ta yi doka ta tilasta wa gwamnati fitar da takardun. Abin da ya taimake su shi ne akwai rubutu: sunaye, ranaku, bayanan da aka ba 'yan sanda. Mu fa, me muke da shi a rubuce?

A nan ne maganar ta dawo gida, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Babu faston da ya daɗe a wannan yanki da bai san yadda abin yake ba. Wata mata mai shiga ta alfarma takan zo, sau da yawa 'yar gari ce ko ma 'yar ikkilisiya, ta ce matar wani Onarabul tana neman yarinya mai hankali, za a sa ta makaranta. A ajiye wa uba buhun shinkafa da 'yan dubbai. Gona ba ta yi ba, kamun kifi ya ja baya, ga ƙannenta biyar. Ba a tambayi sunan unguwa ba, balle na makaranta. Wata takan dace. Wata ta dawo bayan shekara biyu da ciki ko da ciwo, ba ta iya ɗaga ido. Wata kuma ba a sake jin ɗuriyarta. A 2019 NAPTIP ta ce akwai 'yan matan Nijeriya kimanin 20,000 da aka yaudara aka kai Mali, da yawa a wuraren haƙar zinariya. Mu ma muna da ramukan zinariya a ƙasar Yauri da Ngaski, mun kuma san irin rayuwar da ake yi a gefensu da dare.

Idan yarinya ta dawo a haka, me mukan yi? Mukan kira zaman sulhu a falon fasto. Babban mutumin ba ya zuwa, ɗan aike yake turowa da ambulan. Dattawa su ce mu 'yan tsiraru ne a nan, kada mu ja wa kanmu, gobe wa zai sa baki a ba mu filin majami'a? Wani lokaci ma mutumin namu ne, shi ya buɗe gidauniyar gini, shi ya sayi kwanon rufi. Sai a sa yarinyar a kujerar horo a bayan majami'a, shi kuma ran Lahadi a ba shi kujerar gaba. Tsoron da dattawa ke ji gaskiya ne, ba mu raina shi ba, mu ma a cikinsa muke zaune. Amma da jikin 'yar wani ake biyan wannan zaman lafiya.

Ku buɗe Sama'ila ta Biyu sura 13 ku karanta a gida. Wanda ya ɓata Tamar ɗan sarki ne. Ɗan'uwanta Absalom ya lallashe ta ta yi shiru tunda abin na cikin gida ne. Sarki Dawuda ya ji, ya husata ƙwarai, amma ba a rubuta cewa ya hukunta Amnon ba. Shekara biyu ana zaune kamar babu komai, daga nan jini ya zuba, gidan sarki ya tsage. Tamar kuwa ta ƙare zamanta a ɗakin ɗan'uwanta cikin kaɗaici, ba wanda ya sake tambayarta.

Dole kuma mu ja kunnen matasanmu masu waya a hannu. Duk zargin da muka ambata a sama yana da hukuma ko ƙungiyar da ta sa sunanta a kansa. Yaɗa sunan ciyaman ko kansila a WhatsApp don kawai an ji an ce, shaidar zur ce, kuma a wuri irin namu tana iya tayar da wutar da ba mu da ruwan kashe ta. Jita-jita ma mai laifi take taimako, domin idan an kama mu da ƙarya sau ɗaya, gaskiyarmu goma ta tafi.

Saboda haka muna roƙon kowace ikkilisiya, ko ECWA ce, ko UMCA, ko Katolika, ko Baptist, ta buɗe littafi a hannun Zumuntar Mata. Duk yarinyar da za ta bar gari a rubuta sunanta da shekarunta, sunan wanda ya zo ɗaukarta, gidan da za ta, da ranar da aka yi alkawarin za ta zo ganin gida. Wanda ya ƙi a rubuta sunansa ya riga ya ba ku amsa. Maganar ɓata yarinya kuma kada a sake shigar da ita falon fasto. A kai ta asibiti tun da wuri, a karɓi takardar likita, a kai ƙara ga 'yan sanda da NAPTIP, wadda ke da ofishin shiyya a Sakkwato, dattijo ɗaya da uwa ɗaya su riƙa raka iyayen, kuɗin mota ya fito daga baiko. Jama'a su kuma sani cewa rigar kariyar da ke sashe na 308 na tsarin mulki shugaban ƙasa da gwamnoni da mataimakansu kaɗai ta rufe, su ma sai suna kan mulki. Sanata, ɗan majalisa, kwamishina, ciyaman da kansila duk ba su da ita.

Ga shugabannin CAN na Ngaski, Yauri da Shanga kuwa, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar tarayya ya nemi bayani, ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta amsa. Ku rubuta wa rundunar 'yan sanda ku tambayi inda aka kwana da mutum goman nan na Maiduguri, ku rubuta wa Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a kan Birnin Yauri. Ku nemi limamai da sarakunanmu su sa hannu tare da ku, tunda 'yan matan Birnin Yauri daga gidajen Musulmi da na Kirista suka fito. Duk amsar da aka ba ku za mu buga ta a wannan shafi, idan kuma ba a amsa ba za mu buga ranar da kuka kai takardar.