Tsohuwar taswira ba shara ba ce

Ranar da aka share siton makarantarmu mun ga an fito da tsofaffin taswirori, gara ta ci gefen wasu, aka tara su wai za a ƙona. Wani ɗan ajinmu ma ya yagi ɗaya ya naɗe littafinsa. Mu 'yan kulob ɗin jarida ba mu yarda da wannan ba, kuma ga dalilinmu.

A yammacin Amurka akwai busassun filaye masu faɗi a kan tudu, kamar na arewacin jihar Teksas, inda ake kiwon shanu a manyan gandaye. Ruwan sama kaɗan ne a can. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka, wadda aka kafa a 1879, ta fara zana taswirorin tudu da kwari a 1884. Masu awo sun bi irin waɗannan filaye a kan dawaki. Layuka masu ruwan ƙasa suna nuna hawa da gangara, shuɗi yana nuna ruwa. Rafin da ba ya gudu sai an yi ruwan sama, da tsinkakken layi ake zana shi. Har injin iska mai jawo ruwa daga rijiya sukan sa masa alama, don a wurin makiyayi ya fi wani babban gini amfani.

Da aka yi sababbi ba su ƙona na da ba. Sun ɗauki hoton fiye da 178,000 sun sa a intanet, kowa ya duba kyauta. Yau ruwan ƙarƙashin ƙasa na wannan yanki, wanda ake kira Ogallala, yana raguwa saboda yawan jan da ake yi don ban ruwa. Wanda ya jera tsohuwar taswira da sabuwa zai iya ganin idon ruwan da ya ƙafe, da ƙauyen da mutane suka watse. Sabuwar kaɗai ba za ta faɗa masa ba.

Namu fa? Mun buɗe ɗaya mun ga wani rafi kusa da garinmu, a wurin da yanzu gidaje ne, kuma duk damina sai ruwa ya shiga ɗakunan mutane. Mu dai tunda aka haife mu ba mu san da rafi a wurin ba.

Muna roƙon shugaban makaranta da malamanmu, don Allah a dakata da ashana. A ba mu kwali da gam da lungu ɗaya a laburare. Ranar Asabar za mu zo mu liƙe waɗanda suka yage.