Raddi Ga Mai Cewa Kamaru Ba Ta San Hagu Da Dama Ba

Wani malami da nake girmamawa a unguwar New Bell ta Duwala ya dage cewa rabon siyasa zuwa hagu da dama kayan Turawa ne, mu nan ƙabila da ciki kawai muka sani. Allah gafarta Malam, ban yarda ba.

Ka ce a majalisar Faransa aka haifi abin a 1789, inda masu goyon bayan sarki suka zauna dama. Haka ne. Amma wurin zaman ne nasu. Gardamar ko talaka zai ɗaga kai gaban mai sarauta ba ta jira Bafaranshe ba. Jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano a 1950 a kanta ta tsaya, haka Sawaba ta Djibo Bakary a Nijar. Da jam'iyyar PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, haraji da jangali ta soke.

Ka ce siyasar Duwala ta ƙabila ce zalla. To, a garin nan aka kafa jam'iyyar UPC a Afrilun 1948, kuma 'yan ƙwadago ne ƙashin bayanta. Jagoranta Ruben Um Nyobè kansa daga ƙungiyar ƙwadago ya fito. A titunan New Bell aka zubar da jini a Mayun 1955, a Yuli aka haramta jam'iyyar. Tarzomar Fabrairun 2008 kuwa daga yajin aikin direbobi kan kuɗin mai ta tashi, tsadar rayuwa ta rura ta. Je Kasuwar Dakar ka tambayi mai buhun shinkafa ko farashi na tambayar yaren mai saye. Ƙabilanci yana nan, ban musa ba, sai dai sau da yawa manya ne ke hura shi don kada a yi zancen rabon arziki.

Hujjarka mafi rauni ita ce wai mai addini ba ya zama ɗan hagu. Wannan ma'aunin Faransa ne, inda juyin juya hali ya yi faɗa da coci. Malam Aminu Kano tafsiri ya riƙa yi, da Alƙur'ani ya ƙalubalanci sarakuna. Ɗan kasuwar da ke kukan haraji, a Amurka dama za a ajiye shi, a Duwala kuwa shi ne ya rufe shago a 1991 yana neman babban taron ƙasa, aka yi watanni gari a mace.