Wanda Ya Ƙara Gudu, Ya Ƙara Barci

Duk lokacin da aka ji ƙishin-ƙishin ɗaukar sababbin sojoji ko 'yan sanda, sai ka ga samari daga Anka, Gummi da Bukkuyum sun bazama gudu bayan sallar Asuba, kowa yana fatan ya ga kansa a Dafo ta Zariya. Haka ɗalibai 'yan wasanni suke yi idan gasa ta gabato. Himmar abar yabo ce. Abin takaici shi ne, mai gudun kilomita 3 jiya sai ya koma 10 yau, alhali kuwa bai rage ko minti ɗaya daga hirar dare ko duban waya ba.

A ganina wannan ganganci ne. Gudu yana gajiyar da tsoka, har ya yi mata ƙananan raunuka. A cikin barci mai nauyi ne jiki ya fi fitar da sinadarin da ke gyara ta. Likitoci sun ce baligi yana bukatar sa'a 7 zuwa 9, mai wahalar da jiki kuwa sau da yawa fiye da haka. A 2011 an wallafa wani bincike na Jami'ar Stanford ta Amurka, inda aka sa 'yan ƙwallon kwando su riƙa kwanciyar sa'a 10, sai saurinsu ya ƙaru. Eliud Kipchoge na Kenya, wanda ya ƙure kilomita 42 cikin ƙasa da sa'a 2 a 2019, sananne ne da kwanciya da wuri da ƙailula.

Wani zai ce aikin ɗamara ba ya son rago, gara a saba da wahala tun yanzu. To, amma wanda ya je wurin tantancewa da ciwon ƙwauri, wace jarunta zai nuna? Sannu ba ta hana zuwa. Masu horarwa sukan ce kada ƙarin mako ya wuce kashi 10 cikin 100, a kuma ware ranar hutu. Mai tashi da Asuba ya kwanta jim kaɗan bayan Isha'i. Goro da shayi a bar su tun La'asar, domin kuzarinsu yakan daɗe a jini. Tramadol kuwa ɓoye gajiya take yi, ta bar mutum da jaraba.

Akwai kuma abin da ya shafi yankinmu musamman. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara, Yargalma da Dareta suna cikin ƙauyukan da abin ya fi taɓawa. Dalma takan jawo wa babba ma kasala, ƙarancin jini da ciwon gaɓoɓi. Saboda haka wanda ya taɓa aikin haƙo ko niƙa, ya ga gajiyarsa ta ƙi barinsa bayan hutun mako guda, lalle ya nufi asibiti a auna jininsa, a duba har da zazzaɓin cizon sauro.

'Yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, Hausawa sun ce wanda ya ci zomo ya ci gudu. Mu ƙara da cewa ya ci barci. Allah Ya ba mai rabo sa'a.