Anya Kuwa Gani Ya Kori Ji?

Masu karatu, kun san karin maganar nan, gani ya kori ji. In gardama ta tashi a gida ko a kasuwa, wanda ya ce "da idona na gani" shi ke kashe bakin kowa. A wannan wata zan ba ku labarin wata mace wadda ta yi shekara wajen hamsin tana binciken yadda mutum yake gani, gama abin da ta gano ya isa ya sa mu yi hattara da wannan magana.

Sunanta Anne Treisman. An haife ta a garin Wakefield, ƙasar Ingila, a shekara ta 1935. Sa'ad da ta shiga jami'ar Cambridge harsuna ta fara karantawa, musamman Faransanci. Daga baya ta juya ga ilimin hankali da tunanin ɗan Adam, har ta sami digirin dokta a Oxford a 1962.

Da kunne ta soma. A 1958 wani masani, Donald Broadbent, ya ce hankalin mutum kamar ƙyaure yake: in ya buɗe wa murya ɗaya, ya rufe wa sauran ke nan. Treisman ta gwada maganar a 1960. Ta sa wa mutane na'urar sauraro, kunnen dama na jin wani labari, na hagu na jin wani dabam, ta ce su riƙa maimaita na kunne ɗaya kaɗai. Ana cikin haka sai ta musanya labaran ba zato. Waɗansu suka bi labarin zuwa ɗaya kunnen, suka faɗi kalma ɗaya ko biyu kafin su farga. Ashe ƙyauren ba a rufe yake ruf ba. Ta ce hankali rage murya yake yi, kamar yadda ake rage ƙarar rediyo. Shi ya sa kana tsakiyar hayaniyar biki, amma da an ambaci sunanka sai ka waiwaya.

Daga nan ta koma kan ido, a nan kuwa sunanta ya fito. An riga an san cewa a ƙwaƙwalwa akwai sassa dabam dabam masu lura da launi, da siffa, da motsi. To, in haka ne, me ke haɗa su har mutum ya ga jar mota tana gudu? A 1980 ita da Garry Gelade suka ba da amsa. Suka ce da farko ido yana kwasar launuka da siffofi a warwatse, duka gaba ɗaya. Sai mutum ya sa hankalinsa a kan wuri ɗaya, sa'an nan launi da siffar abin da ke wurin su haɗu su zama abu guda.

Kuna iya gwada wannan da yara. Ku zuba baƙaƙen maɓallai a faifai, ku jefa ja guda ɗaya a ciki. Ko su goma ne ko talatin, nan take yaro zai nuna shi. Sa'an nan ku gauraya manyan jajaye da ƙananan baƙaƙe, ku ɓoye ƙaramin ja guda. Yanzu sai ya bi su ɗaya ɗaya, kuma yawan maɓallai yawan jinkiri. Haka ta samu da haruffa masu launi, har 30 a kati ɗaya.

Abin da ya fi ban tsoro ya zo a 1982. Ita da Hilary Schmidt suka riƙa nuna wa mutane kati mai haruffa uku masu launi, da baƙar lamba a kowane gefe, na ɗan lokaci kamar ƙiftawar ido. Aka ce su fara faɗin lambobin, domin hankalinsu ya rabu. Sau da yawa mutum ya kan ce ya ga jan X, alhali abin da ke katin koren X ne da jan O. Launin yana nan, harafin yana nan, amma an ɗaura su ba daidai ba. Ba ƙarya mutumin ya yi ba, har wani lokaci ya kan tabbata sarai haka ya gani. A 1995 kuma ita da abokan aikinta suka ba da labarin wani majinyaci wanda bugun jini ya ɓata masa sashen ƙwaƙwalwa mai lura da wurin da abu yake, dama da hagu. Shi kam ko an bar masa haruffa biyu daƙiƙa goma, ya kan musanya launinsu.

Waɗanda suka biyo bayanta sun gyara waɗansu sassan bayaninta, sun kuma ƙara a kai. A 2013, a birnin Boston, aka ba gwanayen likitoci 24 hotunan huhu su nemi alamar ciwon daji, aka ɓoye ɗan hoton goggon biri a ciki. Ashirin ba su gan shi ba, ko da yake idon yawancinsu ya sauka daidai kansa. Hankalinsu yana wajen neman wani abu.

Treisman ta koyar a Kanada daga 1978, sa'an nan a Berkeley da Princeton a Amurka. A 2013 shugaba Obama ya rataya mata babbar lambar kimiyya ta ƙasar. Ta rasu a New York ranar 9 ga Fabrairu, 2018, tana da shekara 82.

To, ina ruwanmu? A ce faɗa ya kaure da almuru, mutane na gudu, kai kuwa ka hango wuƙa, ka hango jar hula. Gobe ka ce mai jar hula ne ya riƙe wuƙa. Mai yiwuwa ne hular tana kan wani, wuƙar tana hannun wani, ƙwaƙwalwarka ce ta gama su. A kan irin wannan shaida ana iya ɗaure marar laifi, ko a raba zumunci, ko a zane yaron da bai taɓa kome ba.

Saboda haka kafin ka ba da shaida, tambayi kanka abu uku. Har tsawon wane lokaci na kalli abin? Ina hankalina yake a sa'an nan? Wanne na gani sosai, wanne kuma na cika da zato? In shaidu biyu suka saɓa, kada mu yi saurin kiran ɗaya maƙaryaci. Iyaye kuma, in 'yarku ta ce ta ga ƙanenta da kofin da ya fashe, ku ji ta bakin yaron tukuna kafin bulala ta sauka. Ido ba mudu ba ne, an ce ya san kima. Amma sai hankali yana tare da shi.

Sai wata mai zuwa.