Wa Ta Ce Ba Ta Kallon Gidan Badamasi?

Yau ba maganar zubi ko rance na kawo ba, ko da yake za mu taɓo su can gaba. Maganar wasannin ban dariya na tele ce, waɗanda kowace cikinmu take kira "shirme" a gaban mutane, amma da an yi sallar isha'i in akwai kuran, ita ce ta farko a bakin tabarma.

Ku tambayi mace a taron ƙungiya ko tana kallo, sai ta ce: "Ni? Ina na ga lokaci! Yara ne ke kunnawa." To, a bar ta minti biyar. Ita ce za ta ba ku labarin rowar Alhaji Badamasi tiryan-tiryan, da yadda ƴaƴansa suka zuba wa dukiyarsa ido tun yana da rai, da abin da Adama ta yi wa Kamaye a Daɗin Kowa. Yaran ne suka faɗa mata duka, wai.

Abin ba sabo ba ne. Manyanmu sun sha dariya da wasannin Yazi Dogo a Télé Sahel. Mu kuma mun tashi da kasakasan marigayi Rabilu Musa Ibro da ake shigowa da su daga Kano ta Jibiya zuwa Maraɗi. Ibro ya rasu a ƙarshen 2014, a shekarar da aka buɗe tashar Arewa24, wadda yanzu take kawo mana irin waɗannan wasanni har cikin ɗaki.

Mi ya sa muke son su? Ni a ganina, dalili na farko gajiya ce. Macen da ta tashi tun asuba, ta ɗebo ruwa, ta yi daka, ta tura yara lakkwal, ta soya ƙosai ko awara ta kai bakin hanya, in dare ya yi ba ta neman abin da zai sa ta tunani mai zurfi. Tana son ta ga wani ya ci bashi yana ɓuya bayan ƙofa, ta yi dariya har da hawaye. Ba a buƙatar karatu kafin a gane, ko an rasa mako biyu an dawo, mai rowa yana nan da rowarsa.

Amma akwai abin da ya fi wannan. Abin da ake wasa da shi a ciki shi ne abin da ba mu iya faɗa a gida: mijin da ke ƙirga ƙwayar magi, rigimar gado, kishiya mai kai gulma, suruka da ba a iya mata. Ba za ki dubi maigida ki ce masa marowaci ba. Amma ku zauna tare kuna kallon Alhaji Badamasi, ki yi dariya da ƙarfi, shi ma ya yi tasa a ciki-ciki, saƙo ya isa ba a yi faɗa ba. Kamar wasan taubasai ne da muka gada, ana faɗin gaskiya cikin raha kowa ya tashi lafiya.

Kuma ku duba, maza suna zama fada su sha shayi su kalli ƙwallon Turai har tsakar dare, ba wanda ke ɓoyewa. Don mi hutun mace na awa guda zai zama abin kunya?

Sai dai ba duka nake sha ba. Akwai wasannin da dariyarsu ba ta wuce a kwaikwayi mai in'ina, ko gurgu, ko a mai da mutumin ƙauye wawa, ko a nuna bazawara kamar ba ta da aiki sai farautar mazan mutane. A ƙungiyoyinmu akwai zawarawa da suka fi kowa cika zubi a kan lokaci, su ke ciyar da marayu da sana'arsu. In irin wannan ya zo, yara na zaune, ni canza tasha nake yi, in kuma gaya musu dalili.

Sai maganar kuɗi, tunda ba mu iya rabuwa da ita. Kallon tele ba ya cin komi in ban da kuran. Na salula shi ne ɓarawon. Ki sa katin dala 100 yau don ki ga abin da ya wuce ki, ki ƙara wani ran Alhamis, jikka guda ta tafi a mako, jikka 4 a wata. Wata ƙungiyar zubinta na mako bai kai haka ba. Tun da aka fara Mata Masu Dubara a Maraɗi a 1991, da irin wannan canjin ne mata suka sayi awaki. Gara a haɗu gidan mai tele, ko mutum ɗaya ta sauko da shi ta tura wa saura ba tare da kowa ta sa kati ba.

Kuma don Allah, wadda ta makara ranar buɗe akwati saboda ta kwana kallo, ta kawo tararta ba gardama. In ta biya, sai ta ba mu labarin inda aka tsaya.